Kulocin jirgin rimot ya daɗe yana sulɓewa, yanzu kuma ya ƙi saki: inji zan saya ko kuloci?

Wani ɗan'uwa daga Rijiyar Zaki ya aiko da tambaya. Ya sayi ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na rimot, Raptor 50 na hannu, irin mai shan man naitiro, da injin O.S. 50 a cikinsa. Da farko yana tashi lafiya lau. Daga baya sai ya lura in ya ƙara wa fukafukan kusurwa don jirgin ya yi sama, injin yakan ɗauki kuka sosai amma jirgin ya yi nauyi, har yana jin ƙauri in ya sauke shi. Ya ci gaba da tashinsa a haka. Yanzu abin ya juye: da ya ɗora sitata, fukafukan ke fara juyawa tun injin bai kama ba, in ya riƙe su kuma injin ya mutu. Wani bakanike ya ce a ɗiga wa kulocin mai, wani ya ce a lanƙwasa shi ya koma yadda yake, wani kuma ya ce injin ne ya gaji. Tambayarsa: sabon inji zai nema, ko sabon kuloci?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu je ko'ina, don Allah ka ajiye sitatar nan, kada ka sake tada jirgin sai an gyara. Fukafukan Raptor 50 kowanne tsawonsa milimita 600 ne, faɗin da suke zagayewa ya kai mita ɗaya da sulusi. In kan farfelar, wato inda aka ɗaure fukafukan, yana juyi 1,800 a minti, bakin fiffiken yana gudun da ya haura kilomita 400 a awa. Abin da kawai ke raba hannunka da wannan gudun a lokacin da kake durƙushe kana tada inji shi ne kuloci ya saki. Naka ba ya saki. Ka kuma san yadda filayenmu suke, da an ji ƙarar inji yara sun kewaye ka kafin ka ɗaga kai. Wannan ba lalacewar da ake lallaɓawa da ita ba ce.

Amsata a taƙaice ita ce injinka mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, kuma sabon kuloci shi kaɗai ba zai raba ka da matsalar ba. Alamomi biyun da ka faɗa, sulɓewar da ta fara da ƙin sakin da ya biyo baya, labari ɗaya ne, farkonsa da ƙarshensa. Sai ka san yadda abin yake a ciki kafin ka ga dalili.

A bakin karanshaf na injin akwai fanka mai sanyaya shi. A kan gindin fankar aka ɗaure kulocin da noti biyu. Kulocin kansa dunƙulen ƙarfe ne guda, zagayayye, wanda aka tsaga ta gefe biyu aka fitar masa da kunnuwa biyu. Kowane kunne yana manne da jikin ta wani siririn wuya, kuma a ƙarshen tsagar akwai ɗan rami zagayayye. Babu sifirin daban a ciki, wannan siririn wuyan shi ne sifirin. A samansa aka kifa wani kwano na alminiyam, wanda aka liƙa wa bangonsa na ciki wani siririn zobe mai kama da kwali mai tauri, shi ne layinin. A bayan kwanon akwai ƙaramar giya mai haƙora 10, ita ke juya babbar giya mai haƙora 85, babbar kuma ta juya fukafukai. Ke nan sai inji ya yi juyi takwas da rabi kafin fukafukai su yi ɗaya. In inji yana silo, kunnuwan suna kwance, ba sa taɓa layinin, kwano yana tsaye. Da ka ba shi wuta, gudun juyawa sai ya watsa kunnuwan waje, su danne layinin, su ja kwanon. Iyakar dabarar ke nan.

Wanda ya taɓa hawa babur roba-roba ya san irin wannan, ba ka da hannun kuloci, totur kawai kake murɗawa ya kama da kansa. Ina jin daga nan bakaniken da ya ce a sa mai ya ɗauko shawararsa, don na babur a cikin baƙin mai yake iyo, haka aka ƙera shi. Na jirginka busasshe ne. Ɗigon mai guda a kan layinin ya isa ya mayar da shi santsi, don haka wannan shawarar ka bar ta a inda ka ji ta.

To ga abin da nake kyautata zaton ya faru. Tsakanin kunnuwan da layinin akwai tazara 'yar mitsitsiya, kuma rayuwar kulocin kaf a kanta ta rataya. A jiragen wannan aji, abin da masu harkar suka saba nema shi ne kusan kashi biyu cikin goma na milimita a kowane gefe, wato 0.15 zuwa 0.25, kaurin takardar rubutu biyu ko uku. Jirginka na hannu ne, layinin ya riga ya ci kafin ya zo hannunka. Duk yadda layinin ya ƙara cinyewa, tazarar tana faɗaɗa, kunnuwan kuma sai sun yi tafiya mai nisa kafin su kai bango. Suna isa sun riga sun kashe wani ɓangare na ƙarfinsu wajen lanƙwasa wuyansu, sai riƙon ya yi rauni. Nan ne ka fara jin inji yana ihu jirgi ba ya hawa. Sulɓewa tana haifar da zafi, zafi yana ƙona fuskar layinin ta zama sumul kamar an goge ta, sumul ɗin ya ƙara sulɓewa, ƙaurin da ka ji ke nan. A duk wannan lokacin wuyan kunnuwan yana buɗewa fiye da yadda aka tsara masa, ga zafi a kai. Ƙarfe yana da iyakar da in ya wuce ta ba ya komawa. Wata rana ɗayan kunnuwan ya buɗe bai dawo ba, ko ya tsage daga wannan ɗan ramin, sai ya zauna yana dafe da layinin ko inji a kashe yake. Daga ranar fukafukanka suka fara bin sitata.

Shi ya sa na ce sabon kuloci kaɗai ba magani ba ne. Da yawa sukan sayo sabo su zura shi cikin tsohon kwano mai cinyayyen layinin, ya yi 'yan makonni ya sake tsagewa, sai su ce kayan yanzu ba su da inganci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuloci da layinin tare ake duba su, kuma in ɗaya ya mutu ta wannan hanya, tare ake sauya su.

Kada ka ɗauki maganata kawai, ka buɗe ka gani da idonka. Ka cire salansa da tiyon mai da sandar totur, ka kwance notinan mazaunin inji, ka zare injin ta ƙasa, kulocin zai biyo shi, kwanon ya tsaya a sama. Ka kai kulocin wurin haske. Ka dubi tsagar nan biyu: faɗinsu ya kamata ya zo ɗaya, kuma kowace ta tafi da faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe. In ɗaya ta fi buɗewa a baki, kunnen ya miƙe. Ka goge wurin ramukan da tsumma mai ɗan sifirit, ka sa kan sukundireba a tsagar ka ɗan taɓa kunnen a hankali, kana kallon gefen ramin. Tsagewa takan fito kamar silin gashi, baƙa, daga ramin zuwa waje, wani lokaci sai ka haska da fitilar waya a karkace za ka gan ta. In ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa a fuskar kunnuwan, zafin da ya sha ne ya rubuta kansa. Sai ka leƙa cikin kwanon. Lafiyayyen layinin fuskarsa a dushe take, tana da ɗan kaushi in ka shafa da yatsa. Wanda ya ƙone baƙi ne mai sheƙi, za ka tarar da baƙar ƙura a lungun kwanon. Ka duba inda bakinsa biyu suka haɗu, ko ya ɗago. Layinin da gam ya sake shi yakan naɗe ya cushe tsakanin kuloci da kwano, shi ma yana hana saki.

Sannan awo. Ka samu ma'aunin kauri mai baki biyu da masu aikin ƙarfe ke riƙewa, wanda ke nuna lamba ya fi sauƙi. Ka auna faɗin kulocin a kan kunnuwan, ka sake aunawa a inda babu kunne. In awon kan kunnuwan ya fi, magana ta ƙare, ya miƙe. Ka auna cikin kwanon daga layinin zuwa layinin a wurare biyu ko uku. Ka debe faɗin lafiyayyen kuloci daga na cikin kwanon, abin da ya rage ka raba biyu, shi ne tazararka ta kowane gefe. In bambancin gaba ɗaya yana tsakanin 0.3 da 0.5, kana cikin gida. In ya doshi 0.8 ko milimita guda, layinin ya gama aiki ko da ido yana ganin da sauransa. In takardar jirgin tana hannunka kuma ta faɗi wata lamba, tata za ka bi.

Maganar a lanƙwasa kunnen ya koma, ko a kai wa mai walda ya ɗinke tsagar, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ba raini ba ne ga masu waldarmu, a Kano akwai hannayen da ke tada abin da wasu ƙasashe suka zubar. Amma wannan guntun ƙarfen yana juyi sama da 15,000 a minti, kuma taurinsa da sifirinsa daga yadda aka gasa shi a masana'anta suka zo. Wuta ta taɓa shi, wannan ya tafi. Wanda aka mayar da filaya kuma ya riga ya gaji a wuya, ranar da zai ɓalle ba zai yi sallama ba. In ya ɓalle a sama yakan cushe a kwano ya kashe inji, in a ƙasa ne kuma fuskarka ce mafi kusa.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe don gaba, domin ba duk ihun inji ba ne laifin kuloci. Daga karanshaf zuwa fukafukai akwai gaɓoɓi da dama, kowacce tana iya sulɓewa ta ba ka alama iri ɗaya. Gindin fanka yana iya kwancewa a kan karanshaf. Ƙaramar giya tana iya sakin kwanon da aka ɗaura ta a kai. Haƙoran babbar giya suna iya cinyewa a wani yanki, roba ce. Sai babban mai ruɗin mutane: a tsakiyar babbar giya akwai boris mai juyawa gefe ɗaya, wanda aka sa don in inji ya mutu a sama fukafukai su ci gaba da juyawa da kansu a sauko da jirgi. Wannan boris in ya ci ko ya tsage, inji zai yi ihu, kwano zai juya, babbar giya za ta juya, fukafukai kuma su yi sanyi. Hanyar rarrabewa ba ta cin ko sisi. Ka ɗauki maka ka ja layi a kan kowace mahaɗa, daga fanka zuwa notin karanshaf, daga giya zuwa kwano. Bayan gwaji ka duba wane layi ya rabu biyu. Shi kuwa boris ɗin babbar giya, ka riƙe kan farfela da hannu ɗaya, inji a kashe, ka tura giyar da ƙarfi ta gefen da take ja. Bai kamata ta motsa ba ko kaɗan. Alama mafi sauƙi kuma ita ce zafi: in kuloci ne ke sulɓewa, kwanon zai yi zafin da ba ya taɓuwa bayan saukarwa. In kwano da ɗumi kawai amma ƙarfi ya ɓace, ka nemi ɓarawon a wani wuri. A naka, ƙaurin da ka ji ya riga ya nuna kwano.

Haka ƙin saki ma yana da wasu sababai. Silo ya yi yawa shi ne na farko, kuma shi ake fara dubawa don gyaransa a rimot yake. Amma kai ka ce tun a kan sitata fukafukan ke juyawa, sitata kuwa ba ta kai gudun da zai buɗe lafiyayyen kunne, don haka ba silo ba ne. Boris ɗin da sandar sitata ke ratsawa a cikin kwano in ya cije, sandar takan ja kwanon kai tsaye. Inji in ya zauna a karkace, gefe ɗaya na kulocin yakan goga. Akwai kuma abin da ke kashe kuloci a cikin daƙiƙa kaɗan, wato a tada inji totur a buɗe, mutum yana riƙe da kan farfela. Inji ya zabura, kunnuwa su buɗe da dukan ƙarfinsu a kan kwanon da ba ya motsi, layinin ya ƙone nan take. In hakan ta taɓa faruwa da kai, kada ka saki kan farfelar, ka fizge tiyon mai daga kafireto da ɗaya hannun. Rigakafinsa kuwa, kowane tashi ka kalli hannun kafireto da idonka ka ga ya rufe, ka tabbata rimot yana kan sunan wannan jirgin, makunnan da ke saman rimot ɗin duk suna mazauninsu.

Yanzu sauya layinin, wanda shi ne aikin da ya fi son natsuwa. In za ka iya samun kwano sabo da layininsa a liƙe, ka huta. In layinin kaɗai ka samu, ka kankare tsohon da wuƙa har sai alminiyam ya fito fes, ka bi da samfefa don gam ya sami wurin kamawa, ka wanke da sifirit, kada ka sake sa yatsa a wurin. Ka gwada sabon a bushe tukuna. So ake bakinsa biyu su haɗu cif, har sai ka ɗan danna kafin ya zauna, ba rata ba hawa kan juna. In ya yi tsawo ka rage kaɗan-kaɗan da samfefa, don in ka yanke da yawa ba ya dawowa. Gam kuma mai haɗi biyu za ka sa, irin mai jinkirin bushewa da ke kwana kafin ya yi ƙarfi, kamar JB Weld na asali. Mai kamawa cikin minti huɗu ko biyar da ake sayarwa ko'ina ba ya jure zafin wurin, sufa-gulu ma haka. Ka shafa siriri a bangon kwanon, ka zaunar da layinin. Sai ka naɗa wa sabon kulocin baƙin salatif na masu wayarin zagaye ɗaya, ba tare da bakin ya hau kan juna ba, ka tura shi cikin kwanon ya danne layinin ta ko'ina daidai. In ya shiga sakwaf, ka ƙara zagaye. Ka goge gam ɗin da ya ɓullo, ka bar shi kwana guda cur. Washegari ka zare, ka ɓare salatif, ka auna. Sau da yawa sabon layinin yakan zo da kauri, tazarar ta yi kaɗan. Nan ne za ka kai wa masu injin feƙe ƙarfe, ka ba su lambar da kake so a rubuce, ka tsaya a kansu, don aikin na ɗan shafawa ne ba na yanka ba. In babu hali, samfefa mai laushi da haƙuri suna yi, kana juya kwanon kana aunawa, don kada ya zama ƙwai.

Za a ce maka a yanko daga layinin birkin mota ko na babur. Ni ba na ba da wannan shawarar. Ya yi kauri, ya yi tauri, ba ya lanƙwasuwa a ƙaramin kwano irin wannan, kuma ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce. Layinin asali ba shi da nauyi ko tsada idan aka kwatanta da sauran kayan jirgin, abin da ke da wuya shi ne jiran isowarsa. Don haka in za ka yi oda, ka haɗa kuloci ɗaya da layinin biyu ko uku. Su boris kuwa na ma'aunin milimita ne da aka saba, ka ɗauki tsohon a aljihu ka zagaya Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a gwada maka faɗin ciki da na waje da kauri, ka zaɓi mai rufi gefe biyu.

In ka tarar layinin ya jiƙe da mai, sai ka nemo inda man ke fitowa, in ba haka ba sabon ma zai sha. Wuri na farko shi ne boris ɗin gaban inji, wanda ke ƙarƙashin fanka. In ya tsufa yakan yi yoyo, fanka ta watsa man sama. Na biyu hannun mai jirgi ne: a tsakiyar kulocin akwai wani ƙaramin boris mai juyawa gefe ɗaya da sandar sitata ke shiga, mutane sukan cika shi da giris, gudu ya watso shi kan layinin. Abin da kan tsinken ashana zai ɗauka ya ishe shi. Man jirgin kansa ma kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa man shafawa ne, sauran metanol da naitiro, kuma yawancin man shafawar ta salansa yake fita bai ƙone ba, ya lulluɓe jikin jirgin. Masu haɗa mai da kansu da man zurma sun fi fama da wannan, don yana barin danƙo. Ka haɗa wannan danƙon da ƙurar hunturun Kano, ko jar ƙasar filin da fukafukai ke tayarwa a duk tashi, ka sami abin da ke cin boris da haƙoran giya a hankali. Ni ina ganin tashi daga kan faffaɗan katako ko tsohuwar darduma da aka danne gefunanta, ko a yayyafa wa wurin ruwa, ya fi duk wani abin da za ka saya don kare kulocin. In an dawo gida a goge jirgin a ranar, kada a bari sai gobe.

Wurin mayar da inji ne mutane suka fi gaggawa, nan kuma ake shuka matsalar gaba. Kuloci dole ya juya a tsakiya cif. In ya kauce ko kaɗan, kunne ɗaya ne zai riƙa aiki, jirgin kuma ya kama karkarwa mai sauri: za ka ga mai yana kumfa a tanki, farantin wutsiya yana rawa har ya yi dishi-dishi, notina suna kwancewa da kansu. Ana auna wannan da agogon awo mai allura, a cire fulogi, a ɗora bakin agogon a jikin gindin fanka, a juya inji da hannu a ga iyakar kaɗawar allurar. Abin nema shi ne kada ta wuce 0.05 na milimita. Sai a ɗora kulocin a sake aunawa. In ya yi yawa, ka kwance notinan biyu ka juya kulocin rabin zagaye ka sake ɗaurewa, sau da yawa wannan kaɗai yana rage shi. Masu injin feƙe ƙarfe suna da wannan agogon, ka tafi da injin gaba ɗaya. Wajen ɗaure notin karanshaf kada ka tokare fistin ta ramin fulogi da ƙarfe, yana lotsa kansa. Ka buɗe murfin bayan inji ka tokare da abu na roba mai tauri. Notinan kuloci da na fanka da na mazaunin inji duk suna son Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, ɗan kaɗan a kan zare, bayan an wanke mai daga jikinsu.

Da ka zura injin, kada ka ɗaure notinan mazauninsa tukuna. Ka bar su sako-sako, ka juya sandar sitata da yatsa ta gefen da ba ta kamawa. Ka riƙa ɗan motsa injin har sai ka ji sandar tana juyawa sumul ba inda take cijewa, sannan ka ɗaure notinan a gicciye, kaɗan-kaɗan, kana sake gwada sandar bayan kowane zagaye. Ka leƙa ka ga kunnuwan sun shige cikin kwanon gaba ɗaya amma saman kulocin bai taɓa rufin kwanon ba. Ka juya kwanon da yatsa, bai kamata ka ji gogar komai ba.

Saura abin da ya fara cinye layinin tun asali, don ba ya cinyewa banza. Ƙarfin da ke watsa kunnuwan ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkawa yake yi: in gudu ya ninku biyu, ƙarfin ya ninku huɗu. Fukafukai a juyi 1,800 na nufin inji yana 15,300. Sabon mai koyo kuma yakan ji tsoron ƙarar, ya rage totur a rimot, ya riƙa shawagi a juyi 1,300, inji yana wajen 11,000. A wannan gudun ƙarfin da ke danna kunnuwan ya sauko kusan rabi, ga shi kuma sai an ƙara wa fukafukai kusurwa kafin jirgin ya ɗaga, wato kaya ya ƙaru riƙo ya ragu. Haka kuloci ke ƙonewa a hannun mai taka-tsantsan. Ka saita rimot yadda jirgin zai yi shawagi a kusurwar digiri biyar zuwa shida, fukafukai suna juyi 1,600 ko sama. Wajen tashi kuma kada ka daɗe a tsakanin silo da kamawa, inda kunnuwan ke shafar layinin ba su riƙe ba. Ka ɗaga totur a hankali amma ba tsayawa, har ka ji muryar inji da ta fukafukai sun haɗu. Ka kuma daina ba inji wuta kana riƙe da kan farfela don jin lafiyarsa, wannan ɗabi'ar layinin take ci.

Injin kuwa, gwajinsa mai sauƙi ne tunda yana hannunka a waje. Da fulogi a ɗaure, ka juya fankar da hannu, ka ji yana turjewa sannan ya wuce da ɗan tsalle. Ka cire fulogi ka sake juyawa, ka saurari ko akwai ƙarar gurza kamar ta yashi a boris, ka girgiza karanshaf gefe da gefe ka ji ko yana wasa. Injin da ke iya ihun da ka kwatanta ba gajiyayye ba ne. Abin da zan ji masa tsoro shi ne ihun da ya sha ba kaya a kansa, don haka ka leƙa ta bakin salansa ka dubi fistin da zobensa ko akwai zane. Wani abu kuma na garin nan: in ka bar jirgi a rana da tanki cike a watan Afrilu, zafi yakan tura mai ya cika inji. Ka ɗora sitata a haka, fistin ya ƙi motsi, ƙaramin boris na tsakiyar kuloci ne zai sha wahalar. Ka riƙa matse tiyon mai da ɗan maƙali in jirgi yana ajiye, in kuma ya cika, ka cire fulogi ka juya ya fitar.

Ranar gwajin farko ka je fili da sassafe, nesa da gidaje da filin jirgin Malam Aminu Kano, ka tafi da mutum ɗaya babba da zai tsare maka yara. Kafin ka sa wa fulogi wuta, ka juya da sitata kana riƙe da kan farfela, bai kamata ka ji ana jan hannunka ba. In ya kama, ka bar shi a silo, ɗan ja kaɗan daga sabon layinin ba laifi ba ne muddin yatsa biyu suna tsayar da shi kuma inji bai canza murya ba. Ka ja da baya taku goma, ka ɗaga totur har fukafukai su kai gudunsu ba tare da jirgin ya bar ƙasa ba, ka sauke, ka maimaita sau uku ko huɗu don layinin ya zauna. Ka kashe, ka jira komai ya tsaya cak, ka kai bayan yatsa kusa da kwanon ka ji zafinsa, ka duba layukan makar da ka ja. Tankin farko shawagi kawai za ka yi a tsayin ƙugu. In ka koma gida ka sake bin notinan mazaunin inji, ka rubuta tazarar da ka auna da ranar a takarda ka ajiye cikin akwatin kayan, don in ka sake buɗewa bayan jirgin ya sha galan biyu ko uku na mai ka san nawa layinin ya ci. In awon da ka samu yau bai yi daidai da abin da na zata ba, ka aiko mini da lambobin uku, faɗin kuloci a kan kunnuwa, faɗinsa a inda babu kunne, da cikin kwano, sai mu sake dubawa tare. Allah Ya ba da sa'a.